Raket ɗin Aro

Kawu Mai Igiya ya ci amanar sana'arsa, kuma ba zan sassauta masa don yana da fara'a ba. An ba shi ɗan ɗaki a bayan filin tanis, aka ce duk ɗan wasan da ya zo gasa, shi zai ɗaura wa igiyar raket. Mutum ya shigo, ya faɗi irin jan da yake so a yi wa igiyarsa, ya ajiye raket ya tafi. Ba mai tsayawa gadi. Da wannan yardar ya yi wasa.

Gasar ba babba ba ce. Ba a nuna ta a talabijin. 'Yan wasan a motar haya suke zuwa, su wanke rigunansu da kansu su shanya a wayar shingen fili. Amma makin da ake samu na gaske ne, da shi ake shiga gasar gaba. Bahago, ɗan yayar Kawu, ya fi kowa buƙatarsa, don uwarsa ta riga ta yanke hukunci: in bai ci wasan ranar ba, zai rataye raket ya koma shagon taya na gidansu.

Da safe ta leƙa ɗakin ƙaninta, ta same shi yana goge injin ɗaura igiya.

"Ni fa ba wasa nake ba," in ji ta. "Yaro ya girma, kullum yana bin ƙwallo da gajeren wando."

"Yaya, kwantar da hankalinki. Yau zai ci."

"Kai za ka buga masa?"

Kawu ya yi dariya kawai.

Tana fita sai ga abokin karawar Bahago, wani tsohon ɗan wasa mai barkwanci da ake kira Mai Sanƙo. Ya ajiye raket biyu a kan tebur.

"Maigida, a ja min su da ƙarfi. Gwiwa ta tsufa, kada igiya ma ta tsufa."

"An gama, ranka ya daɗe," in ji Kawu.

Ba a gama ba. Ya ɗaura su sako-sako, yadda duk ƙwallon da aka buga zai tashi ya wuce layi, ya zura kowanne a ledarsa ya ƙulle. Sannan ya ɗauko na Bahago guda biyu, su ke nan yaron ya mallaka, ya ja igiyarsu har ya wuce abin da aka ce masa, wai don ƙwallo ya riƙa sauka inda aka aike shi. Injin na ƙara, bai saurara ba.

Da yamma aka fara wasa. Kawu ya zauna kusa da yayarsa a benci yana jiran ya ga aikinsa. Sai dai Mai Sanƙo bai ko kwance ledar ba. Tsohon raket ɗin da ya ci wasan jiya da shi ya ɗauko, don irin 'yan wasan nan ne da ba sa canza abin da ya ba su nasara sai ya tsinke.

"Wannan mutum ba zai canza raket ba ne?" in ji Kawu.

"Ina ruwanka da raket ɗin mutane?" in ji Yaya.

Bahago kuwa ya buga wasa mai kyau. Hannun hagun nan ya wahalar da Mai Sanƙo, yana aika shi wannan kusurwa yana dawo da shi waccan, har ya cinye zubin farko. Ana shiga na biyu sai aka ji tas! Igiyarsa ta tsinke. Ya ɗauko ɗayan. Ba a jima ba ita ma ta ce tas. Yaron ya tsaya tsakiyar fili yana kallon raket biyu masu huji. Wanda ba shi da raket ba shi da wasa, kuma duk wanda ke wurin ya san haka.

Mai Sanƙo ya share gumin kansa, ya buɗe jakarsa, ya zaro ɗaya daga cikin sababbin a ledarsa ya miƙa ta saman raga.

"Ungo, ƙanena. Sabon ɗauri ne, aikin kawunka. Ka doke ni da shi in ka iya."

'Yan kallo suka tafa. Bahago ya miƙa hannu yana godiya. Sai Kawu ya miƙe tsaye a kan benci ya ƙwalla ihu:

"Kada ka karɓa! Sako-sako ce!"

Tafi ya tsaya cak. Alƙalin wasa ya juyo daga kan doguwar kujerarsa.

"Malam, yaya aka yi ka sani? Ba a ma kwance ledar ba."

"Wato... injin ne, yallaɓai. Kwana biyun nan yana ciwo."

Alƙali ya sauko, ya kwance ledar, ya buga igiyar a tafin hannunsa. Maimakon ƙara mai zaƙi, sai ta ce buf. Ya gwada ɗayar, ita ma buf.

"Injin naka ya san mutane," in ji shi. "Na baƙo ya saki, na ɗan gida ya ɗaure."

Yaya ta ɗaga jakar hannunta ta sauke a bayan ƙaninta.

"Sauko min daga bencin mutane, marar kunya! Da furfurarka!"

"Yaya, don yaron na yi."

"Don yaron? Kai ka tsinka masa igiya, kai ka tona kanka, wa ya aike ka?"

Bahago bai yi dariya tare da jama'a ba. Ya je gaban alƙali ya ce shi bai san komai ba, amma tunda kawunsa ne, a ba Mai Sanƙo wasan. Ya faɗi haka yana sane da shagon taya.

"Kai, rufe mana baki," in ji Mai Sanƙo. "Da ka sani, da ka miƙo hannu? Ni ban sha zaman mota don a ba ni kyauta ba. Wa ke da raket a nan?"

Wani ɗan wasa da aka fitar tun jiya ya cillo nasa daga cikin 'yan kallo. Mariƙin raket ɗin ya yi wa Bahago kauri, ya zubar da zubi na biyu kafin hannunsa ya saba. A na ƙarshe suka yi ta ja, wannan ya ci wancan ya rama, har tsohon ya fara dafa gwiwa. Ƙwallon ƙarshe da Bahago ya buga ya sauka kan layi daram. Mai Sanƙo ya duba, ya ɗaga babban yatsa tun kafin alƙali ya yi magana, ya zo ya rungume yaron.

Uwar ba ta tafa ba. Ta dai gyara mayafinta ta ce wa ɗanta, "To. Shagon zai jira."

Kawu kuwa, shugabannin gasa ba su ɓata lokaci a kansa ba. Suka karɓe makullin ɗakin, aka fito masa da injinsa bakin ƙofa, aka hana shi taɓa raket ɗin kowa a gasar har abada.