Ba Irin Tallan Ƙwarya Ba

A shekarar da aka sami 'yancin kai Mijinyawa ya dawo Bauchi hutu daga Zariya, da magana mai nauyi a bakinsa. Harkar kasuwanci yake karanta a can, an kuma ce wa 'yan ajinsu kowa ya zaɓi fannin da zai ƙare a kai: ko aikin akanta, ko kula da ma'aikata, ko sanin yadda haja ke isa hannun mai saye. Na ukun nan shi ya kwanta masa a rai. Sai dai shi ba ya tsallake maganar mahaifinsa. In Hammajoda bai sa albarka ba, to zance ya ƙare.

Abin haushin, fannin ba shi da suna da Hausa. Da tsohon ya tambaye shi a gidansu na Fadaman Mada, yaron ya laluba ya laluba, sai bakinsa ya suɓuce.

"Talla ne, Baba."

Tirƙashi! Wa ya aike shi?

"Talla?" in ji Hammajoda. "Na baro daji na zauna gari don ka je Zariya ka koyo talla? Tun kakanninmu namiji bai taɓa ɗaukar ƙwarya ba."

Daga ranar ko gaisuwarsa ba ya amsawa sai da ka. Ƙanwarsa Bintu kuwa ta sami abin yi, in ta gifta sai ta ce, "Yaya, in naɗa maka gammo?" Sai dai ya yi murmushi kawai, ga shi hutu ya kusa ƙarewa.

Ran nan bayan la'asar ya durƙusa gaban tsohon. Mahaifiyarsa, Inna Fatu, tana gefen rumfa tana wanke ƙoren da take kai nono kasuwa kullum. Wallahi ya gan ta, amma tsoron rasa abin da yake so ya rufe masa ido.

"Baba, ba irin tallan ƙwarya ba ne, na bin ƙofa-ƙofa ana wulaƙanta mutum kamar marar gata. Allah ya kiyaye in yi wannan! Ofis ne da tebur. Mu za mu san inda fatun ƙasar nan da gyaɗarta za su, tunda Turawa sun tafi."

Hammajoda ya daɗe yana shafa gemu. Can ya ce, "To, in haka ne, je ka. Allah ya yi albarka."

Daɗi ya kama Mijinyawa har ya rasa inda zai sa kansa. Bai ma lura ba cewa ƙarar wankin ƙore ta tsaya.

Da safe Inna Fatu ta jera ƙorenta, ta ɗora gammo. Ya taso da sauri ya kama gefe zai aza mata, yadda ya saba tun yana ƙarami. Ta dafe ƙwaryar da hannu biyu. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma dube shi ba.

"Bari, ɗana. Kada abin wulaƙanci ya taɓa maka hannu."

Ta kira Bintu ta aza mata, ta fita. Ya bi ta har bakin hanya yana cewa "Inna, Inna."