Allurar Ya Gumsu a Firijin Maman Kachi

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa. Kun ce ta zo ku ji ta? To ta zo, sai dai babu kura ko aljani a cikinta, mutane ne irinmu.

Ihuoma, wadda duk layinsu a Old Maiduguri ke kira Maman Kachi, ta taka turmi ta leƙa ta kan katanga don ta karɓi kwanonta. Sai ta ga akuyar masu gida da kai tsundum a ciki, tana cin teba da miyar agushin da ta yi da hannunta. Maƙwabciyarta Ya Gumsu kuwa tana zaune a tabarma, ta jingina da bango, idonta biyu, ko "kai" ba ta ce wa akuyar ba.

Maman Kachi ta sauka daga turmin a hankali.

Kwanon nan ya daɗe yana tsallaka katangar. Ya Gumsu daga Bama ta gudo lokacin da garin ya faɗi, mijinta ya ɓace a hanya, har yau babu labari. Ɗanta Tahir ya kama mata ɗaki, ya koma wurin aikinsa a Fatakwal. Ita ma Maman Kachi mijinta ya rasu, ɗanta Kachi kuma ta tura shi wurin dangi a kudu da rikici ya yi zafi, ta zauna ita da shagonta. Haka suka zama su biyu, kowacce ita kaɗai a ɗakinta. In wannan ta miƙa agushi, waccan ta maido kwanon da burabusko ko ƙullin turaren wuta, don a wurin Ya Gumsu abin kunya ne a mai da kwano babu komai.

Ya Gumsu fa mace ce, tubarkalla, in ta shiga keke-napep babu mai zama gefenta. Ga ciwon suga da ya daɗe yana cin ta. Sai Tahir ya fara aiko mata da wata allura mai kama da biro, ana yi sau ɗaya a mako, wai tana saukar da suga tana rage ƙiba. Allurar tana son sanyi, shekarar kuwa an fasa turakun lantarki a hanyar Damaturu, gari ya yi watanni babu wuta. Firijin Maman Kachi mai sola shi kaɗai ke aiki a layin. Nan ake ajiye ta, a bayan ledojin ruwa, duk Alhamis Ya Gumsu ta zo ta yi, ta zauna su sha hira.

To, tun kafin akuya, Maman Kachi ta lura kwanon yana dawowa an ɗan taɓa gefe kawai. Hirar Alhamis ma ta gajarce. A shekarun nan kuwa zuciyar mutum ba ta rasa abin saƙawa. Ta ce a ranta, shi ke nan, wani ya zuga ta, an ce mata kada ta ci abincin Kirista. Ta daina miƙa kwano. Alhamis ta gaba ta miƙa mata allurar ta kan kantar shago, fuska a ɗaure.

"Maman Kachi, lafiya kuwa?"

"Lafiya, Hajja. Ciniki ne ya yi yawa."

Babu kowa a shagon. Ya Gumsu ta dubi bencin da ta saba zama, ta juya tana dafa bango.

Alhamis ɗin da ta biyo baya aka yi azahar, aka yi la'asar, ba ta zo ba. Maman Kachi ta buɗe firiji ta rufe, ta sake buɗewa. Can dai ta naɗe allurar a tsumma mai sanyi, ta ja ƙofar shago, ta zagaya.

Ta same ta kwance a ƙasa kusa da randa, moɗa a hannunta, ba ta kai ga ɗiban ruwan ba. Lafayar da a da ke cika da ita yanzu kamar an lulluɓe itace.

"Yesu! Hajja, tun yaushe kike nan?"

"Wushe, sannu, Maman Kachi. Hutawa nake."

"Hutawa a gindin randa?"

Ta tallafo kanta ta ba ta ruwa kaɗan-kaɗan. Da numfashinta ya dawo, sai abin da ke cikin Maman Kachi ya fito da kansa.

"Naman da nake saka miki yankan Madu ne na Kasuwar Shanu, kin san shi. In an hana ki cin abincina, ki faɗa mini a fuska. Ba sai kin ba akuya ba."

Ya Gumsu ta yi mata wani kallo, sai dariya ta kama ta, dariya marar ƙarfi, har da tari.

"Ke dai kanki kamar dutse. Ba ta na yi? Ƙwata ta yi! Ina kallo tana ci, raina yana ƙuna, hannuna ya ƙi ɗaguwa. Tun da na fara allurar nan, loma biyu cikina ya rufe. Gajiya kuwa kamar an ɗora mini buhun gero. Sallah ma a zaune nake yi."

"Shi ne ba ki faɗa ba?"

Ya Gumsu ta kai hannu ta shafa tsumman da allurar ke ciki.

"In na faɗa miki, ke da bakin nan naki, sai kin kira Tahir. Shi kuma ya daina aikowa. Duk Alhamis yakan bugo waya ya ce, Ya, kin yi allurar? In babu allura, me zai sa ya kira?"

Maman Kachi ta ajiye moɗar. Ta tashi ta shiga share ɗakin da ƙarfi kamar ƙasar ce ta yi mata laifi.

Washegari ta rufe shago ta kai ta asibiti. Likitar, wata doguwa mai gilashi, ta yi musu faɗa su biyu. Ta rage yawan allurar, ta ce a riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan amma sau da yawa, a sha ruwa ko babu ƙishi, a taka in rana ta yi sanyi. Da suka zo fita ta ja Maman Kachi gefe, ta ce mata sugan ya daɗe da taɓa zuciyar da ƙoda, tun kafin allura, a dai lallaɓa ta.

Daga nan kwano ya daina bin katanga, ta ƙofa yake shiga. Romon farfesu, wake, ɗan kifi, dafaffen ƙwai. Maman Kachi takan zauna ta tsare ta.

"Saura cokali ɗaya."

"Ke, ko soja a shingen hanya ya fi ki tausayi."

"Na ji. Buɗe baki."

Da yamma su taka zuwa gindin dalbejiyar bakin layi, Ya Gumsu ta zauna a kan saiwa ta huta, su dawo. Wata rana su kai, wata rana su juyo a rabi. Aikinta na haɗa turaren wuta ma Ya Gumsu ta raba shi: yau ta daka itacen turare, gobe ta jiƙa, jibi ta soya, tsakani kuma barci, ba ta ƙara jin kunyar barcin rana ba. Ƙarfi ya ɗan dawo, har tana zagin akuya da Barbarci. In Tahir ya kira, sai ta ce ta yi allura, sannan ta ƙi barinsa ya kashe, ta ba shi labarin layin kaf.

Wata Alhamis, ana gab da damina, Maman Kachi ta shigo da hantsi, allura a hannu ɗaya, kwano a ɗayan. Ta same ta a kan sallaya, ta jingina da bango kamar ranar akuya, carbi a cinya.

"Hajja, tashi, sojanki ya zo."

Shiru. Ta ajiye kwanon, ta taɓa hannunta. Ta daɗe a durƙushe kafin ta iya fita ta kira masu gida. Tana tsaye a tsakar gida wayar Ya Gumsu ta fara ƙara a ƙarƙashin matashi. Tahir ne, ita ta ɗauka.

Aka kai Ya Gumsu makwancinta kafin la'asar. Tahir ya iso washegari, ya yi zaman makoki, ya rabar da kayanta, ya koma Fatakwal. Ɗakin aka ba wasu mutanen Konduga masu yara da yawa. Kachi ya matsa wa uwarsa ta dawo kudu, ta ce sai ta sayar da kaya, har yanzu ba ta sayar ba. Kwanon da ta kai mata ana gobe za ta rasu kuwa, matar mai gida ce ta kawo mata, ta ce a bayan ƙofa aka gan shi, an wanke an rufe. Da ta buɗe sai ga ƙullin turaren wuta a ciki.

Allurar da ta rage tana nan a firiji, a bayan ledojin ruwa. Duk yammacin Alhamis Maman Kachi takan ɗebi garwashi a murfin gwangwani, ta zuba turaren ɗan kaɗan don kada ya ƙare, ta ajiye a kan benci, ta zauna a ɗaya gefen.