Kifi a Kan Babur

"Me nake gani haka? Kifi a kan babur?" in ji Gindo, mai gadin ƙofar ruwan da jiragen kogi ke bi, yana leƙo mu daga sama. "Jenepo, wa ya tsamo ka daga kogi?"

"Rufe mani baki, ɗan kan dutse," Baba ya ce, yana laluben kafaɗata zai sauka daga babur ɗin da na ɗauko shi. "Kai da ko kududdufi ba ka iya hayewa aka ba ka tsaron ruwa."

Gindo ɗan ƙabilar Dogon ne, mazauna duwatsu, mu kuwa Bozo masunta, zagi a tsakaninmu gaisuwa ce. Baba bai taɓa zuwa ƙofar ruwan Markala ta kan tudu ba, ni na matsa masa. Tun da idonsa ya dushe ya janye jirginmu bakin gaɓa, gobe kuma kafinta zai zo ya ɓaɓɓalle katakonsa. Na roƙa a bar mani shi har na gaji. Ya ce sunan marigayiya Inna, Sitan, ke rubuce a goshin jirgin, gara ya farfasa shi da ya ji ya nutse a hannuna.

Wani jirgin albasa na tsakanin ƙofofin ƙarfe biyu da ke tare ruwan, ruwa yana sauka da shi a hankali. Baba ya karkata kunne. Ƙiii!

"Ya gogi bango," ya ce. "Sun ɗaure igiya tamau, maimakon su riƙa sakinta."

Sai zuciyata ta cika. Na tuno mu muna tasowa daga Mopti, jirgi maƙil da busasshen kifi, Inna tsaye a gaba da igiya tana waƙa, bangon nan mai gansakuka yana ɗiga mana sanyi, har ruwa ya ɗaga mu mu ga sarari. Wallahi a lokacin ji nake duk kogin namu ne.

"Nawa bai taɓa sumbatar bangon nan ba," Baba ya ce, ƙirji a gaba. "Ka tuna wucewata ta ƙarshe, ranar da ake iskar nan? Ko fenti bai kankaru ba!"

"Na tuna sarai," in ji Gindo. "Kana zaune kan buhu kana ba bango umarni. Hannun da ke kan sandar tuƙi kuwa, lalle na gani a jikinsa. Ko ka fara ƙunshi ne ban sani ba?"

Na sunkuyar da kai, don hannun nawa ne.

Gindo ya sauko, ya cire hularsa, dariyar ta bar fuskarsa. "Jenepo, ni Dogon na roƙe ka. Kada ka fasa jirgin Sitan."

Babu Bozon da Dogon zai roƙa haka ya ce a'a, Baba ya sani, ni ma da saninsa na kawo shi. 

"Mayar da hularka, sanƙonka na kashe mani sauran idon," Baba ya ce. "Kana ba ni labarin 'yata kamar kai ka koya mata. Ni na koya mata! Duk kogin nan wa ya kai ta hannu?"

Ya juyo inda yake jin numfashina, ya ɗaga murya har mutanen jirgin albasa suka waiwayo.

"Nyamoye, ki gaya wa kafinta ya zo da kwalta ya liƙe ɓarakar jirgin. Da ruwa ya cika, ke za ki shigo da shi ƙofar nan. Ni zan riƙe igiya."