Zakiya Tana Rukuni na Biyu

"Wannan fa?" in ji Mikaila, ya ɗago wani ƙashi daga faranti.

Zakiya ta karɓa, ta jujjuya shi, ta faɗi sunansa da Turanci. Na duba littafin da ke kan cinyata, na ce ta yi daidai. Mikaila bai gamsu ba. Ya ce ta rufe ido ta shafa, domin shekara talatin ya yi yana fawa a kasuwar Salaga, kuma hannu ne ke gaya masa ƙashin wuya ne ko na gadon baya.

"Baba, zane suke so da suna, ba balangu za mu gasa musu ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, matarsa Karimatu ta taso da ruwa.

Katanga ɗaya ta raba gidana da na Mikaila. Daga Bawku ya biyo shanu yana saurayi, bai koma ba. Ciwon hanta ya kwantar da shi tun azumi. Zakiya ce autarsa, tana ajin ƙarshe a sakandare, tana son karatun jinya. Abin da ke ba ta tsoro shi ne firaktikal na bayoloji, inda ake ajiye wa ɗalibi ƙwaro ko ganye ko ƙashi a kan tebur, ya gane, ya zana, ya yi bayani. A makarantarsu kuwa yawanci hoto suke gani a allo. Shi ya sa uban ya riƙa aika wa mahauta, abokansa na kawo ƙoda da zuciya da ƙasusuwa.

Ni gyaran rediyo nake yi. A aji huɗu na firamare na tsaya, sauran da tsofaffin jaridu na koya wa kaina. Duk takardar da ta shigo layinmu ni ake kawo wa, kuma ina jin daɗin hakan fiye da yadda ya kamata. Ni na karanta musu jadawalin jarrabawa: firaktikal ranar Laraba, takwas da rabi, awa biyu.

Da masu dubiya suka yi yawa, Zakiya ta koma gidan gwaggonta don ta samu yin karatu, amma kullum da safe sai ta biyo ta gaida uban. Ranar Litinin, bayan fitarta, Mikaila ya kama wuyan hannuna.

"Rafiu, ko me ya faru, kada a ɗaga mata hankali sai ta gama."

Na ce masa ya daina irin wannan magana. Bai sake ni ba sai da na ce to.

Laraba, bakwai ta ɗan wuce, ya cika. Ni na rufe masa ido. Karimatu ta cusa gefen zani a baki tana kuka. Na fito ƙofar gida don in aika a gaya wa liman, sai ga Zakiya ta shawo kwanar layi cikin yunifom, da fensir da rula da reza a farar leda.

Kafin ta iso na gama lissafi. Awa biyu daga takwas da rabi, goma da rabi ke nan. Sha ɗaya tana gida. Jana'iza ba za ta yiwu ba sai bayan azahar. Za ta same shi a ɗaki, ta durƙusa ta yi masa addu'a kamar yadda ake kiran 'ya'ya su yi kafin a ɗauki mutum.

"Baba Rafiu, ina kwana. Ya jikinsa?"

"Yanzu ya samu barci, auta. Ki wuce kada ki makara."

Ta ce leƙawa kawai za ta yi. Na tsaya a bakin ƙofar, na ce ƙarar ƙyaure za ta tashe shi. Ta dube ni, ta ce in gaya masa ta zo, ta tafi.

Sha ɗaya ta yi, sha biyu ta yi. An yi wa Mikaila wanka, an sa shi a likkafani. Ƙanensa Mashud ya iso daga Yendi da laka har gwiwa. Mutanen Bawku sun bugo waya cewa kada a jira su. Zakiya shiru. Na hau keke na nufi makarantar.

A bakin get wani malaminsu ya yi mini bayanin abin da babu shi a jadawali. Ɗalibai sun fi tebura yawa, madubin ƙara girma ma bai isa ba, saboda haka kashi biyu ake yi. Rukunin farko bai shiga ba sai goma. Rukuni na biyu an tsare su a babban zaure, babu waya, babu fita, don kada su ji abin da ya fito. Za su shiga ƙarfe ɗaya, su gama uku. Zakiya tana cikinsu.

Na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya yi salati. Ya ce zai iya kiranta yanzu, amma in ta bar zauren ba za a bari ta koma ba, sai baɗi.

Ta taga na hango ta, ta yi tagumi a layi na uku. Da safe ban san da rukuni ba, wannan zan iya cewa kuskure ne. A nan kuwa na san kome. Na ce wa malamin ya bar ta, na hau kekena.

Na roƙi Mashud a jira la'asar. Ya nuna mini sama, hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta gabas. Ya ce an gama haƙa, in ruwa ya sauko kabarin zai cika, ga cikin mamacin a kumbure.

"Kai ne mai karatu, Rafiu. Kai ka ce sha ɗaya. Gawa ba ta jiran makaranta."

Liman ya ce gaskiyarsa. Karimatu ba a tambaye ta ba. Ƙarfe biyu muka binne shi, muna tura ƙasa yayyafi na sauka. Ruwan a nan ya tsaya, bai ƙara ba.

Uku da rabi muna zaune a kan benci a ƙofar gida sai ga ta. Tun daga nesa ta ga bencinan da mutane, tafiyarta ta sauya. Ba ta yi ihu ba. Ta wuce Mashud, ta wuce liman, ta tsaya a gabana. Yatsunta biyu sun yi baƙi da ruwan aidin da suka yi gwaji da shi.

"Da na zo da safe, ya riga ya rasu?"

"Ya riga."

"Yana ciki yanzu?"

Mashud ya ce ta yi haƙuri, an kai shi. Na fara gaya mata cewa babanta ne ya roƙe ni, ta katse ni ba tare da ta ɗaga murya ba.

"Kyankyaso suka ba mu, Baba Rafiu. Kyankyaso da albasa."

Ta shiga gida. Na bi ta har tsakar gida. Mata suka miƙo hannu za su riƙe ta, ta zame. Ta leƙa ɗakin, an naɗe tabarmarsa an jingine. Sai ta zagaya bayan ɗakin, inda aka yi masa wanka, ƙarƙashin rumfar kwano. Ƙasar wurin ba ta bushe ba tukuna. Ta ajiye ledarta, ta tsuguna, ta ɗora tafin hannunta a kan danshin.