Takalmin Alhaji Mohaman

Shekarata goma sha huɗu ina ɗinki a shagon Alhaji Mohaman da ke unguwar Briqueterie a Yaoundé, kuma ban taɓa shiga da takalmi ba. Kowa ma haka yake yi. A ƙasa muke shimfiɗa shadda mu yanka, a nan muke salla idan ruwa ya hana mu fita, don haka takalma a bakin ƙofa suke tsayawa. Mutum ɗaya ne ke shigowa da nasa, wato mai shagon. Wani takalmi ne mai kaurin roba da ya sayo a kasuwar Mokolo, to wa zai ce masa ya cire?

Da ya sauya mana kekunan ƙafa da na lantarki, har addu'a muka yi masa. Sai damina ta sauka, siminti ya ɗauki danshi, wutar lantarki, wadda a nan ake ce wa kuran, ta fara jan mutane ta jikin kekunan. Ka ɗora ƙafa a kan ƙarfen takawa, hannunka ya taɓa kan keken, sai ka ji zirr har cikin haƙora. A cikinmu Shamsuddin ne ya fara tattara almakashinsa ya bar shagon. Taufiƙ ya bi shi bayan wata biyu. Cikin damina uku teloli bakwai suka zo suka wuce, duk masu hannu ne, ba 'yan koyo ba.

Mun faɗa wa Alhaji, ba sau ɗaya ba. Duk lokacin da muka yi magana sai ya shigo da isa, ya dafa keke da tafin hannu, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Ina kuran ɗin? Ni ban ji komai ba. Masu shagon Elig-Edzoa ne ke zuga ku, na sani."

Gaskiya tun bara na gane takalmin nan ne ke kare shi. Na yi shiru, kuma ina jin kunyar shirun. Ni Bakano ne, na haura hamsin, 'ya'yana huɗu suna makaranta a nan Yaoundé, kuma ban saba gaya wa ubangidana ya tuɓe takalmi a gaban ma'aikatansa ba.

Saura kwana tara Babbar Salla, da hantsi, keke ya fizgi Kaltuma, mai ɗinka mana kayan mata. Cikinta wata bakwai. Ta zame daga kujera ta zauna dirshan tana salati. Ban tambayi kowa ba, na miƙe na kashe wutar shagon gaba ɗaya.

Ba a jima ba Alhaji ya iso, ya tarar da shago tsit, ga kayan salla jibge har saman tebur.

"Baballe, wa ya kashe kuran?"

"Ni ne, Alhaji."

"Bon. Ka kunna yanzu, ko ka ɗauki almakashinka ka bi 'yan'uwanka. Ƙofa a buɗe take."

Ni dai na san hannuna, na kuma san abin da idona ya gani.

"Zan kunna, ranka ya daɗe, in ka ce in tafi kuma zan tafi. Alfarma ɗaya nake roƙo. Ka cire takalmi kamar kowa, sannan ka taɓa. Da bayan hannu, kada ka kama."

Alhaji mutum ne mai ji da kansa, ba zai ja da baya a gaban mace ba. Ya yi tsaki, ya zare takalman a tsakiyar shago, ya taka simintin. Na kunna wuta. Ya kai bayan hannunsa kan keken Kaltuma.

Sai ga Alhaji ya yi baya har ya ture ƙarfen guga, hula ta faɗi. Salati ya fara da Larabci, ya zarce da Fulatanci, ya ƙare da Faransanci. Babu wanda ya yi dariya, ko da yake ni sai da na ciji leɓe.

Ya daɗe yana kallon hannunsa, sannan ya dubi Kaltuma da ke zaune a ƙasa.

"Haka kuke ji kullum?"

"Damina uku ke nan, Alhaji," in ji ta.

Da kansa ya je ya kashe wutar.

"Babu mai taɓa keke sai mai gyaran kuran ya zo, ko da kayan salla za su kai bayan salla. Kaltuma, a kai ki asibiti a duba ki. Baballe, ka san inda Shamsuddin da Taufiƙ suke?"

"Na sani."

"To ka riƙe mini shago yau. Gobe ka raka ni wurinsu, ni zan yi magana."

Ya fice cikin yayyafi yana kiran mai babur, ƙafa ba takalmi, yana taka taɓo bai ma lura ba. Na sunkuya na ɗauki takalman daga tsakiyar shago, na kai su bakin ƙofa, na jera su kusa da namu.