Ɗakin da Ersilia Ta Ceto

Tun da girgizar ƙasa ta tsattsaga gidan wasan kwaikwayon garinmu aka rufe shi, mutane suka samu abin da ya fi wasan daɗi, wato rigima a kan yadda za a gyara shi. An yi faɗa a kan launin bango, an yi a kan wanda zai riƙe makulli, har surukai suka daina gaisawa saboda fitilar tsakiyar rufi. Duk wannan Ersilia Morbidelli ba ta sa baki ba. Ita dai a bar mata ɗakinta.

Ɗakin kallo ne, irin ƙananan nan da ke jere a jikin bango hawa-hawa, kowanne da gidan da ya gaje shi. Nata yana hawa na biyu, dab da dandamali. Kakan kakanta ya saye shi lokacin da gonakin zaitun ɗinsu suka kai bakin kogi. Gonakin sun tafi, mijinta ya rasu, rabin gidanta 'yan haya ne a ciki. Zama a ɗakin nan shi kaɗai ya rage mata da take jin ita wata ce, kuma ta ƙudura ba za ta mutu ba sai ta sake zama a cikinsa.

Sai 'yan kwana-kwana suka ce ba za a buɗe gidan ba sai an fasa ƙofar gudu a hawa na biyu, saboda gobara. Injiniya ya auna, ya ja layi, layin bai ga inda zai faɗa ba sai kan ɗakin Ersilia.

A taron gari, magajin gari Gualtiero, wanda ta sani tun yana yawo da majina, ya tausasa murya.

"Ranki ya daɗe, ba ƙwace miki za a yi ba. Za a ba ki kujera a ƙasa, layin gaba, har ƙarshen rai."

"Kai Gualtiero, ni za ka zaunar a ƙasa? Uwarka da take wanke mana labule ta san inda nake zama, je ka tambaye ta."

Shugabar kwamitin gyara, Nives matar mahauci, wadda suka yi aji ɗaya da Ersilia kuma ba su taɓa shiri ba, ta yi dariya.

"Haba Ersilia, duk a kan wannan akurkin? Ko rabin dandamali ba a gani daga ciki. Tun muna 'yan mata ƙeyar 'yan wasa kike kallo."

"Ƙeyar tasu ta fi fuskar wasu."

"To in wuta ta tashi fa? Mu ƙone don ki ji daɗi?"

"Ke da kike ƙasa kusa da ƙofa? Yadda kike rige-rigen fita daga coci, wuta ba za ta ga ko ƙurarki ba."

Gari ya rabu biyu. Masu ɗakunan sama suka daina sayen nama wurin mijin Nives, suka koma cin wake suna cewa likita ne ya hana su. Mutanen ƙasa kuwa suka riƙa kiran Ersilia sarauniyar akurki. Limamin coci da aka nemi ya sasanta ya ce shi aikinsa da matattu ya fi sauƙi.

Ersilia ta kira ɗan ƙanenta Fulvio, lauya, ta cika shi da taliya, sannan ta tambaye shi mafita.

"Goggo, doka tana gefensu," in ji shi yana goge baki. "Abin da ba a iya taɓawa kawai shi ne wanda hukumar adana kayan tarihi ta ɗora wa hannu. Amma ki yi hankali da mutanen nan, in suka riƙe abu…"

Ba ta tsaya jin sauran ba. Ta hau bas zuwa babban birnin lardi, ta zauna a ofishin hukumar da jakarta a cinya, ta koma, ta sake komawa, har suka gaji da ganinta suka turo wata ƙwararriya mai farar safar hannu.

Matar ta shafa alharinin bango, ta leƙa ƙarƙashin kujeru, ta haska zanen rufi, cike da ɗoki. Ta ce a duk gidan wannan ɗakin ne kaɗai ba a taɓa sabunta komai nasa ba. Gaskiyar magana, gidan Morbidelli ba su taɓa samun halin sabuntawa ba ne. Ersilia ta gyara tsayuwa ta ce, "Mu dama ba ma son sabon abu."

Hukuma ta sa hannu. Aka mayar da ƙofar gudu ɗakin 'yan majalisar gari, aikin ya ƙara cin wani hunturu. Ranar da labari ya fito, Ersilia ta wuce ta gaban shagon mahauci a hankali, ta juyo ta sake wucewa, alhali ba ta da abin yi a unguwar.

Ranar buɗewa ta je aka gyara mata gashi, ta sa baƙar rigarta ta biki, ta hau matakala tana haki da murna. Ta tarar da ƙofar ɗakin a buɗe, an gitta jar igiya, ƙwararriyar nan tana tsaye a gefe tana murmushi.

"Sannu Iya. Ba a shiga."

"Ɗakina ne."

"Naki ne, babu mai musu, ga sunan gidanku ma a allo. Amma ba a zama. Kujerun ba za su ɗauki mutum ba, alharinin kuma ko numfashi lalata shi yake yi."

"'Yar nan, tun kafin a haifi uwarki nake numfashi a cikinsa."

"Shi ya sa muka gode Allah da kika kira mu a kan lokaci."

Ersilia ta waiga ta ga Fulvio a bayanta.

"Ka ce su cire igiyar nan."

"Goggo, ba ta ciruwa. Ko magajin gari bai isa ba. Ke kika je kika nemo hukumar da babu mai iya taɓa abin da ta riƙe."

Ta sauko tana dafa bango. Kujerar da aka ajiye mata tana layin gaba, kusa da Nives. Ta shirya jin gori, da ma gorin aka yi mata da ta samu abin ramawa. Nives kuwa sai ta janye jakarta ta ce a hankali, "Zauna, 'yar uwa. Ƙafafunki sun kumbura."

Wasan ban dariya aka yi, gida ya yi ta ƙyaƙyatawa. Ersilia kuwa ta yi ta kukan baƙin ciki tun daga ɗaga labule har sauke shi. Da aka kunna fitilu, Gualtiero ya hau dandamali ya nuna ta da hannu, ya ce jama'a su dubi hawayen farin ciki na matar da ta ceto wa garinmu tarihinsa. Kowa ya miƙe yana tafi, Nives ta kama gwiwar hannunta ta tashe ta tsaye don ta karɓi godiya.