Baron Malam Surajo

Ni dai in ba a gabana aka yi ba, da na ƙaryata. Malam Surajo, shugaban sashenmu a ofis a Gummi, mutum ne da masallacin da ke bayan katanga ma sai a kan mashin yake zuwa. Fayil na kan teburin da ke kusa da shi, sai ya danna ƙararrawa a miƙo masa. Tumbi kuwa, babbar riga ta gaji da ɓoye shi.

A 2016 ya sami kujerar Hajji, shi da mahaifiyarsa, Inna Tasalla, wadda dashen shinkafa a fadama ya cinye wa gwiwoyi. Ya yi mata alkawari shi da kansa zai tura ta a keken guragu wajen ɗawafi, ba wani baƙo ba. Ranar gwajin lafiyar maniyyata likita ya auna shi, ya ce, "Malam, da wannan hawan jinin, kai ma tura ka za a yi. Ka dawo bayan wata huɗu mu gani."

Washegari sai ga shi da baro da buhun shinkafa a harabar ofis. Bayan azahar ya kama turawa, daga sandar tuta zuwa bakin ƙofa, wai sau bakwai. A na biyu ya zube a kan buhun yana haki kamar tsohon injin ban ruwa.

Muka yi ta dariya, Allah ya yafe mana, ni na fi kowa. Hayatu mai buga takardu ya ce, "Ranka ya daɗe, sashen gini aka mai da ka?" Malam Surajo ya miƙe ya ci gaba da tura baronsa.

Bai fasa ko rana ɗaya ba. A wata na biyu Dija da sauran matan ofis suka fara takawa a bayansa. Kunya ta sa ni ma na bi, ciwon bayan da ya dame ni shekara uku ya yi sauƙi. Da wata huɗu ta cika, likita ya sake auna Malam Surajo, ya sa masa hannu.

Da suka dawo daga Hajji muka je barka da zuwa. Na ce, "Inna, yaya direban naki? Ya iya tuƙi?"

Ta ce, "Wane tuƙi, ɗana? Masu keke bene aka ce su hau. Ni ko nic ce kusa nika son ganin Ɗakin Allah, nik kama kuka. Sai yad durƙusa yac ce, Inna, hau. Zagaye bakwai a bayanai, ko sau ɗaya bai aje ni ba."

Na juya na dubi mutumin ƙararrawa, yana zaune a tabarma yana raba mana dabino, kansa a ƙasa. Na buɗe baki in tsokane shi kamar yadda na saba, wallahi sai hawaye.